Gwajin Darasi Kafin Ya Isa Hannun Iyaye Da Malamai

Akwai wata lalura wadda likitoci ke kira otizim, takan bayyana tun yaro yana ƙarami. Sai a ga ya yi jinkirin magana, ko a kira sunansa bai waiwayo ba, ko ya ƙi haɗa ido da mutane, ko ya yi ta maimaita abu guda. Wannan ba taurin kai ba ne, bulala kuwa ba ta maganinsa. Likita Leo Kanner na ƙasar Amurka ya bayyana siffofinta a 1943, bayan ya lura da yara 11.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa darussa a intanet domin masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 waɗanda ke da irin wannan lalura. Asalin karatun zama tara ne cikin taro, da ziyara uku a gida. Ana nuna wa uwa yadda wasa da cin abinci za su zama hanyar koya wa ɗanta mu'amala.

To, amma darasin cikin waya ba shi da malami a gefe. Don haka masu tsara irinsa sukan gwada shi tukuna. Sai a zaunar da mahaifi ko malamin makaranta, a ce ya buɗe darasi, yana faɗin abin da ke ransa, mai lura yana rubutawa, ba ya nuna masa hanya. In ya rasa wurin dannawa, ko wata kalma ta shige masa duhu, laifin darasi ne. A makarantar allo almajiri ake gyara wa ɓata. A nan kuwa littafin ake gyarawa. Wani masanin fannin, Jakob Nielsen, ya bayyana a 2000 cewa mutum biyar sukan tono mafi yawan kurakurai, kana a gyara, a sāke gwadawa.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar mudu sai ya auna shi. Haka nan wanda aka kawo wa darasi, ya tambaya da wa aka gwada shi, kuma cikin wane harshe. In kuwa shi aka kira gwaji, kada ya yi kara ya ce ya gane alhali bai gane ba, gama kunyarsa yaron za ta cuta. Allah Ya shirya zuriya, amin.