Mai Rabon Adireshi a Cibiyar Adana Bayanai

Ɗanyen kayan wannan sana'a lambobi ne. Kowace kwamfuta sai da adireshi take magana da 'yar'uwarta, wanda masu aikin ke kira IP. Tsarin IPv4 adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal gare shi, kuma hukumar IANA ta rabar da ragowar na hannunta a Fabrairun 2011. A shekarar ne Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga Nortel kan dala miliyan 7.5. Tun Fabrairun 2024 kuma kamfanin AWS ke karɓar dala 0.005 kowace awa a kan kowane adireshin da ke kallon intanet. Abin da ake raba shi kyauta a da, yau haya ake biya.

Saboda haka injiniyan netwok ya fi yin aiki da adireshin cikin gida. Tun 1994 aka keɓe rukuni uku, masu farawa da 10, da 172.16, da 192.168, kowa ya yi amfani da su a cikin harabarsa ba tare da neman izini ba. Na 10 kaɗai ya haura miliyan 16. Shi injiniyan zai yanka su kashi-kashi, wannan na sabobin banki, wancan na asibiti, ya shigar da kowane a kundi irin NetBox.

Rigimar tana tasowa ranar da harabobi biyu suka haɗu. Kamfani ya sayi kamfani, ko aka jona ofis da wata cibiya, sai a tarar kowanne ya fara rabonsa daga 10.0.0.1. Tamkar dillali ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya ne: saƙon Audu ya tafi wajen Garba, ko ya ɓace gaba ɗaya. Manhajar Docker ma, idan ba a canja mata ba, da kanta take ɗaukar 172.17, ko da akwai mai shi.

A da da hannu ake rabon, kuskure ɗaya ya tsaya a na'ura ɗaya. Yanzu manhajoji irin Terraform da Ansible ke kafa sabobi ɗari kafin shayi ya huce, kuma umarni kawai suke bi. In kundin ya yi ƙarya, sai su maimaita ƙaryar sau ɗari. Shi ya sa nake ganin gwani a wannan aiki shi ne mai tsaftar kundi, ba mai saurin yatsu ba.

Wani lokaci da gangan ake maimaita lambobin. Da VRF ake ba kowane kwastoma taswirar hanyarsa daban, VXLAN kuma yana ba da shinge miliyan 16 inda VLAN ya tsaya a 4,094. Inda dole ɓangarorin biyu su gaisa, sai a sa NAT ya riƙa sauya adireshi a ƙofa. Faci ne, amma yana riƙewa.

Jarin shiga sana'ar karatu ne. Jarrabawar CCNA ta Cisco dala 300 ce, ban da kuɗin kwas. Abin da ake sayarwa kuwa shi ne kada layi ya yanke, ladan ya zo a albashi ko kwangila. Sauya lambobi sai tsakar dare, lokacin da kwastomomi ke barci, cikin sanyin na'ura da ƙugin fanka, waya a kunne ko ranar sallah ce. Sabon tsarin IPv6 zai iya kashe rigimar adireshin, amma tsofaffin manhajoji da yawa ba su iya shi ba, don haka injiniyan yana riƙe da kundi biyu.