Bayani a kan cinikin sunan intanet wanda mai shi ya ajiye

 Yau za mu ɗan ajiye zancen gero da dawa, mu yi bayanin wata haja wadda ba a aunawa da tiya, ba a lodinta a mota, amma tana cin kuɗi. Ita ce sunan da ake neman mutum da shi a intanet, wanda yaranmu ke ce wa domen, irin mai ƙarewa da .com ko .ng. Masu fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau sun san maganar, don baƙon da ke Turkiyya ko Sin kafin ya aiko da ko sisi sai ya nemi sunanka ya duba.

Ku sani, shi wannan suna ba mallaka ba ce irin ta gona. Haya ce kamar ta rumfa: ka biya na shekara ka zauna, ka ƙi biya a ba wani. Kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da littafin .com, a watan Satumba na 2024 ya sa farashin sari dala 10.26 kowane suna a shekara, 'yan kiri su ɗora ribarsu. Littafin .ng kuwa yana hannun hukumar NiRA a nan gida. To, in sunan da kake so babu kowa a kai, ai babu ciniki, ka biya ka wuce. Rigimar ita ce ka tarar wani ya riga ka, ya kulle, ba ya komai da shi.

Mu 'yan hatsi mun san mai saye da kaka ya jira bazara. Amma shi mai hatsi ƙwari na ci, kuɗin sito na ci, sabon amfani na tafe, dole wata rana ya buɗe. Mai suna ba abin da ke cinsa sai 'yan dalolin nan na shekara, kuma hajarsa ɗaya ce tak a duniya, ba maƙwabcin rumfa da zai karya masa farashi. Shi ya sa yake cika baki. Zai ba ka labarin business.com da aka saya dala miliyan 7.5 a 1999, da voice.com da aka saya dala miliyan 30 a 2019. Gaskiya ne, an yi. Abin da ba zai faɗa ba, akasarin sunayen da aka ajiye sukan yi shekaru ba wanda ya taya, wataƙila ma kai ne na farko da ka yi masa sallama. Nan ƙarfinka yake, kada ka zubar da shi.

Mu mun zubar. Da muka so wani suna, yaronmu ya rubuta wa mai shi da sunan kamfaninmu, har da gaya masa mun riga mun buga sunan a jikin buhuna. Shi ke nan, ya ga wuyanmu a hannunsa, ya yanka kuɗin da ya fi na buhunan da abin da ke cikinsu. Muka haƙura, muka ƙara kalma ɗaya a sunan, muka kama .com.ng da kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Har yau nasa yana kulle.

Saboda haka kafin ka buɗe baki, ka tanadi wani sunan da za ka koma in ciniki ya ƙi, ka kuma yanke a zuciyarka iyakar abin da za ka biya. Sannan a duba maka littafin rajista da ake kira WHOIS. Tun dokar sirri ta Turai ta 2018 galibi ba a ganin sunan mai shi, amma ana ganin ranar da hayarsa za ta ƙare. In ta kusa kuma ga alama an manta da shi, ka yi shiru: bayan wa'adi, a .com akwai rangwamen da kan kai kwana 45, da kwana 30 na fansa, da kwana 5 kafin a sake shi. Sai dai suna mai kyau ba ya faɗuwa ƙasa, masu gwanjo na tsaye a kansa.

Farashin adalci kuwa, yadda muke tambayar nawa aka sayar jiya a kasuwa, haka za a duba a NameBio nawa irinsa ya tashi: mai tsawonsa, mai irin ƙarshensa. Gajere ya fi dogo tsada, .com ya fi saura. Ka taya ƙasa da iyakarka, amma ba tayin raini ba, don a wannan kasuwa ba a ce maka albarka, shiru kawai za ka ji. In ya mayar da amsa kada ka ƙara a ranar, bari ta kwana biyu. In sunanka sananne ne, sa dillali ya shiga tsakani. Kasuwannin suna irin su Sedo da Afternic da GoDaddy suna wannan aiki, la'adarsu kuwa ba irin tamu ba ce, takan kai kashi 20 cikin ɗari, don haka a san mai biyanta tun farko.

In kuwa sunan alamar kasuwancinka ce mai rajista, wani ya kama da gangan don ya tatse ka, wannan ba ciniki ba ne, ƙara ce. Akwai tsarin hukumar ICANN tun 1999, ana kai kuka WIPO a Geneva, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ma ta hana. Amma ƙara na cin kuɗi da lokaci, sai ka auna.

Saura biya. Kada ka yi cinikin biri a sama, ka aika wa mutumin da ba ka taɓa gani ba kuɗi, ko da sunan kafin alƙalami ne. A ajiye su wurin amintacce irin Escrow.com, shi ya ba da lambar sirri ta canjin hannu, sunan ya shigo asusunka ka gani da idonka, sannan a sakar masa. Kuma a rubuta rajistar da sunanka da imel naka, ba na yaron da ya taya ka dannawa ba. Wassalam.