Dogondutsi: Motocin da Turai ke ajiyewa don kallo, a Arewa gero suke ɗauka

A ƙasar Faransa, motar da ta haura shekara 30 na iya samun takarda ta musamman da ke nuna ta shiga sahun kayan tarihi. Tun 1976 ake shirya baje kolin tsofaffin motoci na Rétromobile a birnin Paris, inda mutane ke biyan kuɗi don su ga irin su Peugeot 404 da 504 an goge su suna ƙyalli.

A Dogondutsi, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai a kan babbar hanyar RN1, ba sai an sayi tikiti ba. Duk wanda ya yi Asabar da Lahadi tsakanin tashar garin da garejojin da ke kewaye da ita zai ga waɗannan motoci ido da ido, sai dai a nan ba hutawa suke ba. Buhunan gero da wake da dankalin Turawa ne a bayansu, fasinjoji a sama, wani lokaci har da akuya ɗaure a gefe.

Asabar a tasha

Da sanyin safiya motocin ƙauye ke fara lodi. Hiace da Hilux sun fi yawa yanzu, amma jefi-jefi ana hango tsohuwar Peugeot mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira bashe saboda tamfol ɗin da ake rufa mata, da Land Rover ko Land Cruiser ta zamanin da. Fentin asali ya daɗe da kau. Ƙofa ɗaya shuɗiya, ɗaya fara, domin kowace daga jikin wata motar aka ciro ta. Wata ba ta tashi sai karen mota da fasinjoji sun tura.

Masu kallo ma ba a rasa su. Dattawa kan tsaya su tuna lokacin da hawa Pijo, kamar yadda ake kiranta, alamar babban ma'aikaci ce ko alhajin da ya tara abin hannu. Samari 'yan kabu-kabu kuwa wayoyi suke zarowa suna ɗaukar hoto don su tura wa 'yan uwa da ke Libiya ko Aljeriya ko Legas.

Ta ina suka shigo?

Kamfanin Peugeot ya fitar da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. An ƙera sama da miliyan 3 na 504, kuma ta yi suna a Afirka bayan ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975.

Hanyoyi uku suka kawo su wannan yanki. Ta farko Najeriya ce: a 1975 masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yinta a Faransa. Ga iyakar Najeriya kusa, ga dangantakar jini tsakanin Arawan Nijar da na jihar Kebbi, don haka mota da kayan gyaranta ba su sha wahalar tsallakowa ba.

Ta biyu hamada ce. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 da araha, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da rikicin Aljeriya da tawaye a arewacin Nijar suka toshe hanya. Daga nan ta uku ta karɓa, wato tashar jirgin ruwan Kwatano, wadda ta cika kasuwa da motocin Japan.

Me ya hana su mutuwa?

Amsar tana gareji. 504 da tayoyin baya take ja, cikinta ya yi nisa da ƙasa, sifirin ɗinta kuma na haɗiye gargada, abin da ya dace da rairayi da kwazazzaban Dallol Mawri. Injinta ba kwamfuta a ciki. Kafireta ce da filogi, ko kuma injin gas mai sauƙi, wanda bakanike zai kwance a ƙarƙashin bishiya da sifana da sukudireba. Idan lagireto ya tsiyaya mai walda na nan, idan wani ƙarfe ya karye a ɗauko na wadda ta riga ta kwanta. Sabuwar mota kuwa, idan wata fitila ta kama a gaban direba, sai an nemi mai na'urar bincike.

Lahadi a hanyar Tibiri

Idan aka sauka kudu, ta Kore Mairuwa zuwa Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, a nan ake gane darajar waɗannan akwaloli. Ƙauyuka da dama da ke nesa da kwalta ba su da wata mota sai su. Su ke kai amfanin gona kasuwa, su ke ɗauko mai naƙuda da dare idan amalanke ya yi jinkiri.

Amma nauyin na ƙaruwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, man bakin hanya da direbobin kan iyaka suka saba da shi ya yi tsada, alhali tsohon inji ba ya wasa da mai. Rufe iyakar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma ya tsawaita hanyar shigo da motoci da kayan gyara. Ga batun rayuka: birki mai rauni, tayoyi suɗaɗɗu da lodin da ya wuce ƙima ba abin sha'awa ba ne ga wanda ke zaune a kan buhu.

'Yan gwangwan na jira

Babban mai sayen tsohuwar mota a yau shi ne ɗan gwangwan, wanda a kan sikeli yake yi mata kuɗi. Da zarar gyara ya fi ƙarfin mai ita, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa. Kanikawan da suka san sirrin kafireta su ma tsufa suke yi, yaransu kuma sun fi karkata ga gyaran babur, inda kuɗin yau da gobe yake.

Nijar ta taɓa nuna cewa ta san darajar abin da ya tsufa. Lokacin da wata babbar mota ta kayar da bishiyar Tenere a 1973, ɗauko ta aka yi aka kai gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. Motocin da suka yi shekara 40 suna haɗa Matankari da Gesheme da Dumega da kasuwannin duniya su ma tarihi ne. Idan ma'aikatar magajin gari da ƙungiyar direbobi da 'yan Arewa mazauna waje suka haɗa hannu, gyara guda biyu ko uku a riƙa jera su a lokacin bukukuwan gari bai fi ƙarfinsu ba. Abin da ya rage shi ne wa zai fara isa wurin mai motar, su ko mai sikeli.