Yauri: Garin Kifi Da Ke Jiran Masu Zuba Jari A Bakin Tafkin Kainji

Duk matafiyin da ya taso daga Kwantagora ya nufi Jega ko Sakkwato a kan babbar hanyar da ta fito daga Legas, sai ya ratsa ta Yelwa, hedkwatar masarautar Yauri a jihar Kebbi. Yawancin matafiya kan tsaya ne su yi salla, su ci tuwon shinkafa da kifi, su sayi albasa da banda na tsaraba, sannan su wuce. Kaɗan ne daga cikinsu suke gangarawa bakin ruwa, kuma waɗanda suke kwana don ganin gari sun fi haka ƙaranci. Wannan gajeriyar tsayuwa ita ce hasarar da garin yake yi kullum, kuma ita ce ƙofar da take buɗe ga 'yan kasuwa masu hangen nesa.

Yauri tsohuwar daula ce wadda ake lissafawa cikin Banza Bakwai, kuma tun kafin zuwan Turawa mashigin kogin Kwara ce ga fatake. Tsohuwar fadar tana Birnin Yauri, kafin a mayar da ita Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ya sāke fasalin garin baki ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, har sai da aka sāke wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Daga nan Yelwa ta wayi gari a arewacin wannan tafki, ta zama tashar da kwalekwale da jiragen inji suke kawo kifi da hatsi da fasinja daga ƙauyukan gaɓa.

Arzikin farko na garin kifi ne. Sarkawa da sauran masunta suna kamo giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da kurungu da yauni, da kuma ƙananan kifin nan da ake kira warangi, wanda ake shanyawa a rana a auna da mudu. Gungawa, waɗanda asalinsu mazauna tsibirai ne, sun shahara da noman albasa, kuma fadamun yankin suna ba da shinkafa. Ma'ana dai, duk abin da mai gidan abinci yake nema, kifi da shinkafa da kayan miya, yana nan kusa da tukunyarsa, ba tare da kuɗin mota mai yawa ba.

Sai dai kuma babban kaso na wannan kifi ba a garin ake cinsa ba. Saboda zafin rana da ƙarancin ƙanƙara, kifin da aka fito da shi da safe yakan fara lalacewa kafin la'asar, don haka mata suke hanzarin yin bandarsa da itace, a ɗura a kwali ko kwando, dillalai su loda wa motocin da za su kai shi manyan birane na Arewa da Kudu. A can ne ake yin farfesunsa a manyan otal-otal, a sayar da kwano guda a kan kuɗin da ya ninka abin da masunci ya karɓa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sana'ar abinci a garin kuwa akasarinta tana hannun mata masu rumfuna a tasha da kasuwa, da masu shayi da masu tsire, waɗanda jarinsu bai wuce na cefanen yini ɗaya ba.

Abin da ake gani a wasu ƙasashe ya nuna cewa ba dole ne al'amarin ya zauna haka ba. A Kisumu ta ƙasar Kenya da Mwanza ta Tanzaniya, biranen da suke bakin tafkin Biktoriya, cin soyayyar karfasa a gefen ruwa ya zama abin da baƙo yake sa wa rai tun kafin ya sauka a gari. Baƙo yakan zaɓi kifinsa da kansa, a soya masa yana kallon ruwa, in ya gama ya hau jirgi ya zaga. Da wannan fita ɗaya, masunci da mai girki da mai jirgi da mai masauki duk sun sami rabonsu. Kayan aikin ba su wuce rumfa mai tsabta da ruwa mai kyau da wurin zama ba.

Ta fuskar abin kallo ma, Yauri ba ta da ƙarancin abin nunawa. Akwai bikin Rigata, inda ake tseren kwalekwale da ninkaya da sauran wasannin ruwa a gaban Sarki da manyan baƙi, wanda yake tara jama'a daga ciki da wajen jihar. Akwai fadar Sarkin Yauri da kufan Birnin Yauri. Ga mai son tarihi kuma, a wannan yanki ne Mungo Park ya hallaka a ruwan Bussa a 1806, kuma a 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a Yauri suna neman takardunsa. A kudancin tafkin akwai ita kanta madatsar, mai ƙarfin samar da megawat 760 na lantarki, da Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa a Sabuwar Bussa, da gandun dajin Kainji wanda aka kafa a 1979 bayan haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma. A cikin jihar Kebbi ɗin kuma akwai bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

To, amma biki kwana biyu ne ko uku a shekara, gidan abinci kuwa kullum yake biyan ma'aikata da haya. A nan ne darasin garin Keffi na jihar Nasarawa yake da amfani. Keffi ba ta da tafki, ba ta da tashar jiragen ruwa, amma gidajen abinci da masaukai suna ta ƙaruwa a cikinta, domin tana da tazarar kimanin kilomita 50 daga Abuja a kan hanyar Akwanga, ga jami'ar jiha, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Mutanen da suke shigowa kowace rana su ne suke riƙe da kasuwar. Saboda haka mai son zuba jari a Yauri, direbobi da fasinjojin babbar hanya da dillalan kifi da albasa ne abokan cinikinsa na farko, 'yan yawon buɗe ido su biyo baya.

Wajibi ne kuma a faɗi matsalolin kamar yadda suke. Ta farko ita ce haɗarin ruwa. A ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda suka tsira kuwa kimanin 20 ne kawai. Lodi fiye da ƙima, da tsofaffin jiragen katako, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika tafkin, da rashin rigar kariya, su ne musabbabin irin waɗannan haɗura. Babu magidancin da zai ɗora iyalinsa a jirgi don shaƙatawa muddin yana tuna wannan rana, sai ya ga an canja tsari.

Ta biyu ita ce tsaro. A ran 17 ga Yuni na wannan shekara ta 2021, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai, wasu daga cikin ɗaliban ba su koma gida ba sai a 2023. Haka nan 'yan bindiga sun sami maɓoya a sassan gandun dajin Kainji, abin da ya durƙusar da zuwan baƙi. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma babu sana'ar da ta fi ta karɓar baƙi saurin mutuwa idan tsoro ya shigo.

Ta uku ita ce kifin kansa. Tun a shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin ya ja hankali ga ɓarnar da taru mai ƙananan idanu yake yi, domin yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Gidan abincin da ya yi suna da giwan ruwa ba zai daɗe ba idan giwan ruwa ya ƙare. Bugu da ƙari, ruwan tafkin yakan ja baya sosai a ƙarshen rani, ya dawo da ambaliya idan damina ta yi nisa, don haka duk mai gini a gaɓa sai ya nemi shawarar mutanen wurin kan iyakar da ruwa yake kaiwa.

Bisa wannan, jarin da ya fi dacewa da garin a matakin farko ba mai nauyi ba ne. Injin ƙanƙara da ɗakin sanyi masu aiki da hasken rana za su ba masunci damar jiran farashi, su kuma ba mai girki ɗanyen kifi a kowane lokaci. Rumfunan cin abinci masu bayan gida da wurin alwala da wurin zaman iyali za su mayar da tsayuwar rabin sa'a ta zama ta sa'o'i biyu. Jirage masu rajista da ƙayyadadden adadin fasinja da rigar kariya ga kowa za su buɗe sana'ar zagaya tafki. Matan da suka daɗe suna wannan girki kuwa, su ne ya kamata a fara ba rance da horo, domin su ne suka san ɗanɗanon da ke dawo da baƙo.

Nauyin da ya rage yana kan hukumomi. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ita ce da alhakin duba lafiyar jirage da share hanyarsu, gwamnatin jiha da masarauta kuma su tabbatar da tsaron hanya da dokar kamun kifi, su sanar da ranar Rigata da wuri domin masu otal da masu motoci su shirya. Idan aka yi haka, kuɗin da kifin Yauri yake samar wa gidajen abinci na Abuja da Legas, wani kaso nasa zai fara kwana a Yelwa.