JAWS ko NVDA: Yadda makafi ke zaɓar manhajar da ke karanta musu kwamfuta

A watan Mayun 2017, kamfanin da ya mallaki manhajar Window-Eyes ya sanar da cewa ya daina sayar da ita a Amurka da Kanada, ya kuma nuna wa masu amfani da ita hanyar komawa JAWS. Ga mai gani, wannan ƙaramin labari ne. Ga makahon da ya shafe shekara ashirin yana jin saƙonninsa da takardun ofishinsa ta bakin wannan manhaja kuwa, kamar an ce masa ne gobe za a sauya fasalin gidan da ya haddace lungu da saƙonsa.

Irin wannan manhaja ita ce idon makaho a kan kwamfuta. Tana karanta abin da ke kan allo da murya, ko ta tura shi zuwa na'urar rubutun makafi ta Braille. Mai amfani da ita ba ya taɓa linzamin kwamfuta, da madannai kaɗai yake zirga-zirga. Shi ya sa zaɓen manhajar ke da nauyi: a kanta karatu da jarrabawa da neman abinci suka rataya.

Manyan biyu da asalinsu

JAWS ce dattijuwa. Ted Henter, wani Ba'amurke ɗan tseren babur da ya makance a hatsarin mota a 1978, shi ne ya kafa kamfanin da ya fitar da ita a 1989. Wadda ke aiki da Windows ta fito a 1995. Yanzu kamfanin Freedom Scientific da ke jihar Florida ne ke sayar da ita, kuma lasisinta na ofis ya haura dala 1,000. Wanda bai biya ba zai iya sauke ta, amma minti 40 kawai take aiki, sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa.

Tsadar nan ce ta haifi kishiyarta. A 2006, Michael Curran, wani matashi makaho ɗan Ostireliya, ya fara rubuta NVDA, sannan abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo cikin aikin. A 2007 suka kafa ƙungiyar NV Access wadda ba ta neman riba. NVDA kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, kuma 'yan sa-kai sun fassara ta zuwa harsuna sama da 50.

Akwai kuma waɗanda ke zuwa a cikin na'ura tun daga masana'anta. Windows na da Narrator, wadda ake kunnawa da danna Control da Windows da Enter a tare. Kwamfutocin Apple na da VoiceOver tun 2005, ta shiga wayar iPhone a 2009. Wayoyin Android na da TalkBack, masu Linux kuma na da Orca.

Ba a tsayawa kan ɗaya

Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka ta daɗe tana tambayar masu amfani da waɗannan manhajoji. A bincikenta na 2019 ne NVDA ta ɗara JAWS da ƙyar a karon farko. A wanda ta fitar a 2024, wanda mutum sama da 1,500 suka amsa, JAWS ce ke gaba da kusan kashi 40 cikin 100, NVDA na biye da kusan kashi 38. JAWS ta fi rinjaye a Arewacin Amurka, NVDA kuma a Afirka da Asiya da Turai.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, sama da kashi 70 cikin 100 sun ce suna amfani da manhaja fiye da ɗaya. Dalilin a fili yake. Wani shafin banki ko fom ɗin neman aiki zai yi wa wata manhajar shiru, amma wata ta karanta shi tsaf. Wanda yake da guda ɗaya tak, ranar da ta maƙale sai ya nemi mai gani ya karanta masa, wani lokacin har da lambar sirrinsa.

Abin da ke sa sauyi wahala

Wahalar farko a yatsu take. An yi sa'a JAWS da NVDA sun yi tarayya a umarni da dama. A dukkansu, madannin Control na tsayar da magana, harafin H na tsallakawa daga kan labari zuwa wani a shafin intanet, Insert da T na faɗin sunan tagar da ake ciki, Insert da F12 na faɗin lokaci. Amma da an shiga ciki sai bambanci ya bayyana. Insert da F4 ke rufe JAWS, ita kuwa NVDA da Insert da Q ake rufe ta. Wanda ya koma kwamfutar Apple kuwa sabon karatu ne gaba ɗaya, domin VoiceOver da Control da Option take aiki, kuma tsarin da take bi ta zagaya allo daban ne.

Wahala ta biyu a kunne take. Makahon da ya goge yana sauraro da saurin da mai gani ba zai tsinci ko kalma ɗaya ba, kuma wannan sauri da murya guda aka saba shi. JAWS na zuwa da muryar Eloquence, wadda tsofaffin hannu ke matuƙar so. NVDA na amfani da muryoyin Windows ko kuma eSpeak, wadda wasu ke cewa ta cika ƙarfe-ƙarfe. Mutane da yawa da suka ce NVDA ba ta yi musu ba, muryar ce ba ta yi musu ba. Ana iya sayen Eloquence daban a ɗora ta a kan NVDA.

Ta uku ita ce wurin aiki. JAWS ta yi suna wajen ƙananan rubuce-rubucen umarni da ake yi mata don ta fahimci manhajar wani kamfani ta musamman, shi ya sa manyan ma'aikatu a Amurka ke riƙe da ita. NVDA ma na da nata ƙarin kayan aiki, kuma tun 2023 aka saka rumbun sauke su a cikinta. Sannan tana da wata fa'ida: ana iya ɗora ta a filash, a soka a kowace kwamfuta mai Windows ta fara magana ba tare da an girka ta ba. Sai dai wannan ta filash ba ta karanta allon shigar da kalmar sirri na Windows.

Inda lamarin ya shafi Bahaushe

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi yawan kaso. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati gare su. Amma gurbin aiki a ofishin yau na nufin kwamfuta, kuma dala 1,000 ta fi albashin shekara na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Nan ne wasu ke faɗawa amfani da JAWS ta sata, wadda ba ta samun sabuntawa, kuma takan zo da ƙwayar cuta.

Akwai kuma batun harshe. Muryar Turanci da ƙa'idar Turanci take furta rubutun Hausa, kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sukan rikita ta. JAWS da NVDA duk suna da ƙamus da mutum zai koya wa manhaja yadda za ta furta kalma, misali sunan garinsu ko na shugaban ofishinsu. Wanda ya shekara yana gina irin wannan ƙamus a manhaja ɗaya, ba zai tarar da shi a ɗayar ba, sai ya sake zama.

Yadda ake sauyawa ba tare da an yi asara ba

Ƙa'idar farko ita ce kada a cire tsohuwar. Ana iya girka JAWS da NVDA a kwamfuta ɗaya, a riƙa rufe ɗaya kafin a kunna ɗaya, don kada su yi magana a tare. Ta biyu, a fara da gyara murya da saurinta kafin a yanke hukunci. Ta uku, a danna Insert da lamba 1: a dukkan manhajojin biyu wannan na buɗe yanayin koyo, inda duk madannin da aka taɓa za a faɗi aikinsa ba tare da ya aikata komai ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Makon jarrabawa ko ranar miƙa rahoto ba lokacin gwajin sabuwar manhaja ba ne. Gara a fara da karanta labarai da saƙonni, daga baya a shiga Word da Excel.

Narrator ma ta cancanci a haddace yadda ake kunna ta, ko da ba a sonta. Ranar da babbar manhaja ta yi shiru a tsakiyar aiki, ko aka zauna gaban sabuwar kwamfutar da ba a girka mata komai ba, ita ce za ta kai mutum shafin da zai sauke wadda ya saba da ita, ba tare da ya jira wani ya zo ya duba masa allo ba.