Littafi, waya ko hadda: wanne zai riƙe maka ayyukanka?

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Mutanen Mairuwa da kewaye sun yi watanni babu kira, babu intanet. Duk wanda tsarin aikinsa ya dogara da a kira shi a tuna masa, ko da manhajar da sai da data take buɗewa, sai ya tsinci kansa a tsaye. Mai ɗan littafi a aljihu kuwa, lissafinsa na nan yadda ya bar shi. To wannan ya kawo mu ga tambayar yau: idan ayyuka sun yi wa mutum yawa, wace hanya ya kamata ya zaɓa ya tsara su?

Me ya sa kai kaɗai ba ya isa?

Mu ɗauki misalin magidanci a Mairuwa mai noman masara da waken suya, yana kuma da ɗan shago. A rana ɗaya akwai biyan 'yan ƙwadago, sayen taki a Funtuwa, kuɗin makarantar yara, bashin da zai karɓo, ga ɗaurin aure a maƙwabta. Duk a ka ya ajiye su.

Matsalar ita ce, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abu na ɗan lokaci ƙarami ne sosai. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ƙiyasta cewa abubuwa kusan bakwai yake ɗauka a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya tattara binciken da aka yi bayan nan, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ke nan idan ka manta da abu na tara, ba sakaci ba ne, jakar ce ta cika.

Akwai kuma wata wahalar. Aikin da ba a gama ba yakan riƙa faɗo wa mutum a rai ko yana tsakiyar wani abu. A 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister suka tuna wa ɗalibai ayyukan da ke jiransu, sannan suka ba su wani labari su karanta. Hankalinsu ya yi ta komawa kan waɗancan ayyuka. Amma waɗanda aka fara sa su rubuta yadda za su yi aikin, da lokacin da za su yi shi, sun karanta cikin natsuwa, alhali ko taɓa aikin ba su yi ba. Wato da zarar ƙwaƙwalwa ta ga an yi wa abu shiri, sai ta sake shi.

Fara da gano ciwonka

Likita ba ya ba da magani sai ya ji inda ke ciwo. Haka ma a nan, domin kowace hanya akwai matsalar da aka yi ta dominta.

Idan mantuwa ce ke damunka, maganin shi ne wuri ɗaya tak da kake zuba komai. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin da David Allen ya yaɗa a littafinsa na 2001: abu na faɗo maka, ka rubuta shi nan take. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda rubutu ke yi wa wuya, ya naɗi muryarsa a waya. Abin gudu shi ne rarraba su, rabi a bayan kwalin ashana, rabi a saƙon waya, rabi a wajen uwargida.

Idan kuma kana tunawa amma sai ka yi ta cewa "anjima", to abin da ya fi ƙarfin hujja a bincike shi ne ɗaure aikin da lokaci da wuri. Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun gwada wannan a Jamus a 1997. Sun nemi ɗalibai su rubuta ɗan rahoto lokacin hutun Kirsimeti. Cikin waɗanda suka faɗi yaushe da kuma a ina za su rubuta, kusan kashi 70 cikin 100 sun yi a kan kari. Cikin sauran kuwa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai. A ƙasar Hausa ma ba sai an nemi agogo ba, lokutan salla sun riga sun yanka mana yini. "Zan biya kuɗin makaranta" buri ne. "Ranar Litinin, ina fitowa daga sallar Azahar, zan wuce wajen mai POS in tura kuɗin makaranta" shi ne shiri.

Idan yawa suka yi maka, sai ka raba abin gaggawa da abu mai muhimmanci. Ana jingina wannan hanya ga tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower, kuma Stephen Covey ya yaɗa ta a 1989. Manomi ya fi kowa gane wannan. Takin yuriya da ake sa wa masara sati huɗu zuwa shida bayan shuka ba ya kiran kowa a waya, amma idan lokacinsa ya wuce, amfanin gona ne zai ragu. Tanadin iri kafin damina da gyaran rumbu kafin kaka duk irin wannan ne. Su ake fara ba rana a kalanda, sannan sauran su bi baya.

Idan hankalinka ne ke rabuwa, musamman ɗalibi mai shirin JAMB ko malami mai duba takardun jarrabawa, akwai hanyar da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 kana kan abu ɗaya, sai hutun minti 5. Sunanta Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci, saboda siffar agogon girkin da ya yi amfani da shi. Ba wani sirri a lamba 25 ɗin, kana iya ƙarawa ko ragewa. Taura biyu dai ba ta taunuwa. Sai dai hanyar ba ta dace da mai shago ba, tunda ba za ka ce wa mai saye ya jira agogo ya buga ba.

Idan kuma kullum lokaci ne ke yi maka kaɗan, ba kai kaɗai ba ne. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗalibai kwana nawa kundin kammala digirinsu zai ɗauka. Sun ce kusan kwana 34, amma sai da ya kai kusan 55. Maganin shi ne ka tambayi kanka: bara da na yi irin wannan aikin, kwana nawa ya ci? Da wannan adadin za ka yi lissafi.

To, littafi ko waya?

Ka auna kowane kayan aiki da ranarka mafi wahala: babu wuta, caji ya kusa ƙarewa, sabis ya ɗauke. Littafi da biro ba su da wannan matsalar, amma ba sa tashinka, kuma ruwa na iya jiƙa su. Ƙaramar waya mai madanni tana da ƙararrawa da kalanda, tana kuma yin kwanaki ba caji. Babbar waya tana da manhajoji irin su Google Keep da ke aiki ko babu data, sai dai a cikinta ne Facebook da TikTok suke, ka shiga duba jerin ayyuka ka fito bayan rabin awa. Ga mutane da yawa haɗa biyu ya wadatar: littafi ya riƙe jerin, ƙararrawar waya ta riƙe abin da ke da ƙayyadadden lokaci. Lissafin bashi kuwa, a ajiye shi a wuri biyu, domin waya na ɓata.

Kada kuma ka yi saurin sauya hanya. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga matsakaicin lokacin da take zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya bai rushe ƙoƙarin ba. Saboda haka idan ka yi sati biyu kana mantawa da buɗe littafin, kana kan hanya tukuna.

Ga gwajin da za ka iya farawa yau. Bayan sallar Isha'i, ka zuba duk abin da ke kanka a shafi ɗaya. Ka zaɓi uku na gobe, ka rubuta wa kowanne lokaci da wuri. Ran Juma'a ka duba shafin, ka ga wanne ne ya yi ta tsallakewa daga rana zuwa rana. Wannan aikin shi zai nuna maka ciwonka, daga nan sai ka ɗauki hanyar da ta dace da shi.