Nawa ake kashewa wajen kallon taurari, kuma ina ribarsa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Katsina, wanda ya ce da rani yana ɗan taɓa cinikin hatsi. Ya ce ɗansa da ke makarantar sakandare ya matsa masa lamba sai ya saya masa madubin hangen taurari, har yaron ya daina walwala. Shi ne yake tambaya: nawa ne kuɗin wannan abu, mene ne amfaninsa, kuma anya ba hanyar duba ce yaron yake neman shiga ba?

To Malam, bari mu fara da ta ƙarshen, don ita ce za ta fi hana ka barci. Wannan ba duba ba ne, ba kuma bugun ƙasa ba. Mai duba cewa yake yi tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki ko za ka yi aure. Mai kallon taurari kuwa ba ruwansa da gobenka. Abin da yake so shi ne ya san wane tauraro ne wancan, yaushe yake fitowa, yaushe yake faɗuwa, yaya kamanninsa. Lissafi ne da lura, irin wanda kai ma kake yi in ka dubi gabas ka ce hadarin nan na ruwa ne ko na iska.

Sai batun kuɗi. Matakin farko kyauta ne, kuma mutumin karkara ya fi kowa jari a cikinsa. A daren da babu farin wata, babu hazo, mai lafiyar ido yana iya ganin taurari wajen 2,000 zuwa 3,000 a lokaci guda. A manyan birane hasken lantarki ya shafe mafi yawansu. Wani bincike da aka fitar a shekarar 2016 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sararin sama, kuma a Amurka ta Arewa kusan mutum 80 ne cikin 100 ba sa ganinsa. Ƙasar Chadi tana cikin waɗanda samansu ya fi duhu a duniya. Wato abin da Bature zai zuba mai a mota ya yi tafiyar awoyi don ya gani, kai kana kwance a kan tabarma a tsakar gida kake ganinsa. In akwai babbar waya a gidan, akwai wata manhaja mai suna Stellarium da ake saukewa ba tare da biya ba, in aka ɗaga wayar sama sai ta nuna sunan kowane tauraro.

Mataki na biyu shi ne madubin hannu mai ido biyu, irin wanda ake gani a wuyan sojoji. A jikinsa za ka ga an rubuta 7x50 ko 10x50. Lambar farko tana nufin sau nawa yake jawo abu kusa, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 50. Mai ɗan kyau a kasuwannin waje yakan kama daga dala 50 zuwa 100. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, don haka sai ka buga lissafi da canjin ranar da za ka saya, ka ƙara kuɗin kawowa da ribar mai shago. Da shi yaro zai ga ramuka da duwatsun da ke kan wata, wanda nisansa da mu ya kai kilomita 384,000. Kaza da 'ya'yanta, da ido yake ƙirga shida ko bakwai, za su koma gommai. In ya jingina hannunsa a kan katanga don kada ya yi rawa, zai hango ƙananan watanni a gefen Mushtari, irin guda huɗun da Galileo na ƙasar Italiya ya fara gani a 1610.

Mataki na uku shi ne babban madubi mai ƙafa, wanda na tabbata shi yaron yake mafarki. Nan kuɗi yake. Ƙarami mai aminci yakan tashi dala 200 zuwa 400, mai faɗin inci takwas kuwa ya haura dala 500, kafin a yi maganar jirgi da kwastan. Da irinsa ake ganin zoben da ya kewaye Zuhalu. Masu ɗaukar hoton sama suna kashe dubban daloli, wannan ba layinmu ba ne.

Amma a yi hattara da wani abu. Akwai 'yan madubai masu arha da ake sayarwa a kwali mai hoto mai kyau, an rubuta yana jawowa sau 500 ko 600. Kai ɗan kasuwa ne, ka san buhun da aka zuba mai kyau a baki, tsakuwa a ƙasa. Ƙarfin madubi yana ga faɗin gilashinsa, don shi ke tattara haske. Ƙa'idar masu abin ita ce a ninka faɗin gilashi sau biyu: mai milimita 60 iyakarsa sau 120, abin da ya wuce haka dishi-dishi ne kawai. Ga ƙafafunsu ba ƙwari, iska kaɗan sai tauraro ya gudu. Yara da yawa a kan irin wannan suka yi zuciya suka bar abin gaba ɗaya.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali. Ƙurar hunturu tana cin gilashi, in aka goge da bakin riga sai ya karce, kuma samun mai gyara a kusa sai an sha wuya. Ga shi da hunturu hazo yana rufe sama, da tsakiyar damina kuma gajimare. Sama ta fi washewa bayan an ɗauke ruwa da dare, da kuma lokacin kaka kafin hazo ya sauko. Sannan madubi ba kadara ba ce. Akuya tana haihuwa, buhun wake yana tashi in an kai bazara, shi kuwa ranar da ka matsu za ka sayar, da wuya ka sami ko rabin kuɗinka, in ma ka sami mai saye. A ganina, kada ka taɓa abincin gida ko kuɗin taki saboda shi.

To ina ribar? Ta aljihu dai babu, mu faɗi gaskiya. Amma akwai wasu.

Iyayenmu ba su raba noma da kallon sama ba. Malamai suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya daga ciki a ƙara masa kwana guda, ya tashi 365. Kaza takan ɓace a yamma wajen farkon watan Mayu, ta sake bayyana a gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da ake haramar shuka. Sai dai a fahimta, tauraro yana gaya maka inda shekara ta kai ne, ba ya ce maka ruwa zai sauka ranar Laraba. Wannan sani yana tafiya da tsofaffi, kuma yaron da ya zauna ya rubuta sunayen da kakansa yake kiran taurari ya yi aikin da babu shi a littafin makaranta. Matafiyi ma yana da rabo: tauraron arewa ba ya gusawa daga wurinsa, a ƙasar Kano yana sama da doron ƙasa da ɗan abin da ya fi dunƙulen hannu in ka miƙe shi.

Sai ganin wata, wanda kowace shekara muke jin ce-ce-ku-ce a kansa. Wata yana yin kwana 29 ko 30. Jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, ganinsa da ido abu ne mai matuƙar wuya, ga shi ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Wanda ya saba kallon sama ya san gefen da zai duba, ya san yadda ƙahonnin za su fuskanta, ba zai ruɗe da Zara ko da guntun gajimare ko hayaƙin jirgi ba. Garin da yake da irin wannan mutum ko ɗaya, shaidar da zai aika fadar Sarkin Musulmi ta fi nauyi. Hukuncin gani da madubi kuwa, wannan fagen malamai ne, a tambaye su.

Game da makomar yaron kuma, ga labarin wani ɗan manomi a jihar Kansas ta Amurka, Clyde Tombaugh. Ƙanƙara ta lalata amfanin gonarsu, kuɗin shiga jami'a ya gagara. Sai ya riƙa goge gilashi da hannunsa, ya haɗa madubi da tarkacen tsohuwar mota da na injin tace madara. Ya zana abin da ya gani ya aika wa wata cibiyar binciken sama mai suna Lowell, suka ɗauke shi aiki, a 1930 yana da shekara 24 ya gano Pluto. Waɗanda suka manyanta za su tuna tauraruwa mai wutsiya da ta daɗe tana fitowa a 1997. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka gano ta a 1995, Thomas Bopp, ba shi da madubi nasa, na abokinsa ya leƙa. Ba ina cewa ɗanka zai zama ɗayansu ba, irinsu ɗaiɗai ne. Amma yaron da yake auna sama ba ya tsoron lissafi a aji, wannan duk wanda ya riƙe alli ya sani.

Shawarata, Malam, ka ba shi littafin rubutu na kwabo-kwabo, ka ce daga wannan wata zuwa girbi ya rubuta maka kowane dare inda wata yake da abin da ya gani. In ya gaji a mako uku, ka huta, kuɗinka na aljihunka. In ya kai kaka yana yi, to bayan an sayar da amfani a nemi na hannu 7x50, ko da na gwanjo ne, a gwada shi kafin a biya: a dubi wani abu mai nisa, in ya rabu biyu a ajiye musu kayansu. Babban kuwa ya fi dacewa a yi karo-karo, ko ƙungiyar iyaye da malamai ta saya wa makaranta, ko kwamitin masallacin Juma'a.

Gargaɗi biyu kafin lokaci ya ƙure mana. Kada a kuskura a dubi rana da kowane irin madubi, ko na daƙiƙa ɗaya, yana ƙona ido kuma ba magani. Ko lokacin husufi ne, irin wanda ya rufe rana ruf a yankin Zamfara da Katsina ranar 29 ga Maris 2006, sai da tabarau na musamman, baƙin gilashin kwalliya ba ya tsare komai. Na biyu, halin tsaro da ake ciki a wasu yankunanmu ya sa yaro da madubi a bayan gari da dare yana iya jawo wa kansa zargin leƙen asiri. Ya tsaya a tsakar gida ko saman soro, kuma a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da wuri.

Ka gaya masa masana sun lissafa wani husufin rana ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana gaba ɗaya a Masar da Jidda da Makka, a Luksor duhun ya wuce minti shida, mu nan arewa gefenta kawai za a ci. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa takardar da ta zo kan ajiyar wake a buhu mai leda.